Kirɓaɓɓen Dankali da Kabewa, Abokin Tuwo

 

Yau maganar tukunya za mu yi. Kai da ka gama ajin yaƙi da jahilci, karanta wannan takarda a hankali. In ka gama, ka karanta wa mutanen gidanka da dare. Ke ma da kika iya karatu, ki tara maƙwabtanki ki karanta musu. Maganar ta shafi rumbu, ta kuma shafi idon yaranmu.

Abin da ya kawo maganar

Kowa ya san halin ƙasarmu. Ana girbin hatsi wajen watan Oktoba. A gidaje da yawa, tun ruwan farko bai sauka ba rumbu ya fara nuna gindi. Lokacin da aikin gona ya fi tsanani, lokacin ne hatsi ya fi tsada a kasuwa. Dattawa ba su manta da yunwar 1973 da 1974 ba, ba su kuma manta da ta 1984 ba. Matasa ma sun ga ta 2005 da ta 2010 da idonsu.

Bayan farin 1984 ne gwamnatin Janar Seyni Kunce ta dage ƙwarai a kan noman rani. A shekarar nan aka fara babban aikin raya ƙasar Keita, da taimakon Italiya da hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Mata ne suka fi yawa wajen ɗaukar duwatsu da haƙa ramukan itatuwa. A kwarin Majiya kuwa, tun 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro don tare iska. A kwarin Tarka ruwa yana kusa, rijiyoyi suka yawaita, daga baya injin ban ruwa ya shigo.

Yau albasarmu tana zuwa Abijan da Akara da Kwatano. Alhamdu lillahi. Amma ka tambayi kanka: me garkarka ke sawa cikin tukunyar gidanka? Albasa ta hau mota, kuɗi ya shigo, an biya bashi, an yi sutura. Yara kuwa suna nan, fura da rana, tuwo da miyar kuka da dare, shekara ta zagayo. To, akwai abu biyu da garka ke iya ba gida ba tare da wahala mai yawa ba. Su ne dankali, wanda wasu ke ce wa kudaku, da kabewa, wadda wasu ke ce wa kabushi.

Mun saba cin dankali dafaffe a hannu, ko soyayye a bakin kasuwa. Kabewa kuma sai cikin miyar taushe. Yau za mu nuna yadda ake haɗa su, a kirɓa, a ajiye kusa da tuwo, kowa ya ci ya ƙoshi.

Dundumi

Ka taɓa ganin yaron da ke wasa lafiya lau da rana, amma da magariba ta yi sai ya riƙa tuntuɓe? Ya nemi guri ya zauna, ba ya bin ƴan'uwansa. In an ajiye akushi, sai ya yi ta lalube. Wannan shi ne dundumi. Yana kama mata masu ciki ma, musamman in cikin ya tsufa.

Abin da ke kawo shi rashin wani sinadari ne da likitoci ke kira bitamin A. In rashin ya daɗe, ido ya bushe, ya yi gyambo, har yaro ya makance. Kafin a kai ga haka, jikin yaron ya riga ya yi rauni. Ƙyanda da zawo sun fi kayar da irin wannan yaro.

Kakanninmu sun san ana ba mai dundumi gasasshiyar hanta, kuma sun yi daidai, don hanta cike take da wannan sinadari. Ana samunsa a ƙwai, da madara, da man shanu. Amma ba kowace rana ake yanka ba. Cikin kayan garka, ana samunsa a ganye mai duhun kore, kamar zogale da alayyafo, da kuma abin da cikinsa yake ruwan goro, kamar karas, da mangwaro nunanne, da kabewa, da wani irin dankali.

Ga abin da ya kamata ka riƙe. Jikin mutum yana ajiye bitamin A cikin hantarsa, kamar yadda kake ajiye hatsi a rumbu. Yaron da ya ci kabewa da dankali sosai lokacin ɗari, yana shiga bazara da guzurinsa. Rigakafi ya fi magani.

Duk da haka, yaro daga wata 6 zuwa shekara 5 a kai shi ya karɓi ƙwayar bitamin A da ma'aikatan lafiya ke ɗigawa a baki, sau biyu a shekara. Wanda dundumi ya riga ya kama, a kai shi likita a ranar, kada a tsaya jiran dankali.

Wane dankali, wace kabewa?

Launin ɓawo ba ya gaya maka komi. Akwai mai jan ɓawo wanda cikinsa fari ne fat. Sai ka karya, ka duba ciki.

Mai farin ciki shi ya fi yawa a kasuwanninmu. Yana da gari, yana ƙosarwa, amma kusan ba shi da bitamin A. Mai ciki ruwan ɗorawa yana da kaɗan. Mai ciki ruwan goro, kamar karas, shi ne mai yawa. Ƙaramin guda ɗaya, mai nauyin giram 125, ya ishi ƙaramin yaro bukatarsa ta yini. Masu bincike sun yi shekaru suna yaɗa wannan iri a Uganda da Mozambik da wasu ƙasashen Afirka, har a 2016 aka ba huɗu daga cikin masu irin wannan aiki babbar kyautar abinci ta duniya. Ka tambayi malamin gona na karkararku ko ana samun irinsa kusa da ku.

In ba ka samu ba, kada ka damu. Dalilin haɗa dankali da kabewa ke nan. Farin dankali ya kawo ƙoshi, kabewa ta kawo abin da ido ke so. Zaɓi kabewar da ta nuna sosai a jikin yaɗonta, mai tauri, wadda farce ba ya shiga ɓawonta. Gwargwadon jan cikinta, gwargwadon amfaninta. In akwai karas, shi ma a jefa biyu ko uku.

Kada a ce dankali ya maye tuwo

A nan sai a yi hattara. Abinci iri uku ne: mai ba da ƙarfi, mai gina jiki, da mai kare jiki daga cuta. Hatsi yana ba da ƙarfi, yana kuma ɗan gina jiki. Dankali ruwa ya yi masa yawa. Sai ka tara kilo 4 na dankali kafin ka samu ƙarfin da kilo 1 na hatsi ke bayarwa. Kabewa ta fi shi ruwa nesa. Wajen gina jiki kuwa, dukansu biyu ba su da abin kirki.

Saboda haka muka kira shi abokin tuwo. Ana rage tuwo kaɗan, a cike gurbin da shi. Kuma dole a sa masa mai da ƙuli-ƙuli, ko wake, ko nono. Mai yana da aiki biyu. Yana ƙara ƙarfi, kuma sai da maiƙo hanji ke iya tsotse bitamin A sosai. Kabewa ba mai, rabin amfani ce.

To, ɗauko alƙalaminka mu yi lissafi. A ce gidanka mutum 8 ne, kuna cin tiya 2 ta hatsi kowace rana. Tiya guda tana kai kilo 2 da rabi, ko ta ɗan fi. A ce daren da aka yi wannan abinci an rage rabin tiya. In ana yi sau 3 a mako, an rage tiya 1 da rabi. Daga Disamba zuwa Maris a ƙidaya mako 16. Tiya 1 da rabi sau 16, tiya 24 ke nan. Raba 24 gida 2, ka samu 12. Wato abincin gidanka na kwana 12 ya rage cikin rumbu. Ka ajiye shi sai watan Agusta, lokacin da ake noma na biyu, hatsi kuma ya yi tsada. A ranar za ka san darajar tiya 24.

Kayan da ake bukata

Wannan awo na mutum 8 ne. In kun fi haka a ƙara, in ba ku kai ba a rage.

Dankali kilo 3, wato matsakaita kamar 12.
Kabewa kilo 1, wato babban yanki guda.
Albasa 3. In babu ɗanya, gabu ya wadatar.
Man gyaɗa cokali babba 6, ko man shanu.
Dakakken ƙuli-ƙuli, cikin tafi 2.
Gishiri, a nemi mai sinadarin hana maƙoƙo.
Daddawa kaɗan, da tattasai ko tonka, gwargwadon bakin mutanen gida.

Yadda ake yi

Uwargida, wannan sashe naki ne.

1. Ki wanke hannu da sabulu. Ki wanke dankali sau biyu, har ƙasa ta fita duka. Duk wanda ya ruɓe, ko ya yi baƙin tabo mai zurfi, ko tsutsa ta yi masa hanyoyi, ki fitar da shi. Guda ɗaya mai ɗaci yana ɓata tukunya duka.

2. Ki fere shi sama-sama, kada ki tafi da nama. In kin fi so, ki dafa shi da ɓawonsa, in ya dahu ki ɓare da hannu. Wannan ya fi tattali. Wanda kika fere ki riƙa jefa shi cikin ruwa, don kada ya yi baƙi.

3. Ki yanka shi gunduwa-gunduwa, kamar girman ƙwan kaza. Su zama kai ɗaya. In wani babba wani ƙarami, ƙaramin zai narke babban bai dahu ba.

4. Ki fere kabewa, ki kwashe zaren ciki. Ƴaƴan kada ki zubar. Ki shanya masu ƙwari don iri, sauran a soya wa yara.

5. Ki zuba dankali a tukunya. Ruwa ya tsaya daidai kansa, kada ya shanye shi. Ki sa gishiri kaɗan, ki rufe. Kada ki sa kanwa. Dankali ba ya bukatarta, kuma tana kashe wasu sinadaran abinci.

6. In ya tafasa da minti 10, ki jera kabewa a bisa, ki sake rufewa. Kabewa ta fi saurin dahuwa, tururi kaɗai ya ishe ta. Da ruwa ya tafasa ki janye itace, ki bar wuta kaɗan. Wuta mai yawa ba ta ƙara saurin dahuwa, itace kawai take ci.

7. Bayan wasu minti 15 ki soka tsinke. In ya shige ba tare da tirjiya ba, ya dahu.

8. Ki tsiyaye ruwan cikin ƙwarya mai tsabta. Kada ki zubar, akwai amfani cikinsa. Ana iya zuba shi a miya, ko a dama kunu da shi.

9. Ki mai da tukunya kan garwashi minti 2 ko 3, a buɗe, don sauran ruwa ya tsane. Wannan shi ne sirrin abin. Wadda ta tsallake shi, abincinta zai yi tsululu.

10. Tun da zafinsa ki murtsuke shi da muciya cikin tukunya, ko ki juye a turmi mai tsabta ki kirɓa sama-sama. In ya huce ba ya kirɓuwa da kyau, sai ya yi gudaji. Turmin da aka daka tonka a wanke shi tukuna, saboda yara.

11. A wata ƴar tukunya ki soya albasa cikin mai, har ta yi laushi ta fara ja. Ki sa daddawa. Ki juye duka a kan dankali, ki barbaɗa ƙuli-ƙuli, ki juya sosai. In ya yi tauri da yawa, ki ɗan zuba ruwan da kika ajiye.

12. Ki ɗebi rabon yara ƙanana ki ajiye gefe. Sannan ki sa yaji a na manya.

Ana kwashe shi kamar malmalar tuwo, a sa a gefen akushi. Yana tafiya da miyar yakuwa, don tsaminta yana kashe zaƙin dankali. Yana tafiya da miyar kuka, da ta kuɓewa, da dafaffen wake, da kwaɗon zogale. Wasu sukan bar albasa da daddawa, su zuba masa nono da man shanu, a sha da safe kafin a tafi garka.

In maigida ya ce shi ba ya cin tuwo mai zaƙi, kada ki yi gardama. Ki ƙara albasa da daddawa, ki fara da kaɗan a gefen akushinsa. Gani ya kori ji.

Rabon yaro ƙarami

Daga haihuwa zuwa wata 6, nonon uwa kaɗai ya ishi jariri, ko ruwa ba ya bukata. In ya cika wata 6 sai a fara ba shi abinci, ana ci gaba da ba shi nono har shekara 2.

Kunun da muka saba ba su ruwa ya yi masa yawa. Cikin yaro ƙarami ne, kamar dunƙulen hannunsa. In ya cika da ruwa, ina abinci zai shiga? Kirɓaɓɓen dankali da kabewa ya fi kunu tsululu. Ki murtsuke shi ya yi laushi lilis, ba gudaji, ba zare. Kaurinsa ya zama wanda zai zauna a cokali, in an karkata ba ya zuba da sauri. Ki sa ƙaramin cokali guda na mai, da garin ƙuli-ƙuli mai laushi, ko dafaffen ƙwai, ko wake da aka cire wa ɓawo. Ba tonka, ba sukari, gishiri ma a bar shi.

Ki fara da cokali 2 ko 3, sau 2 a rana. Daga wata 6 zuwa 8 a ba shi abinci sau 2 ko 3. Daga wata 9 zuwa shekara 2, sau 3 ko 4. In ya tofar ranar farko, ki sake gwadawa gobe. Sabon abu ne a bakinsa.

Yaro ya samu ƴar tasarsa shi kaɗai. In an haɗa shi akushi ɗaya da yayyensa, kafin ya kai loma biyu sun share. Ki zauna kusa da shi har ya gama. A wanke masa hannu kafin ya ci.

Abincin da aka kirɓa yana saurin lalacewa, balle da zafi. A yi wanda za a cinye. In ya rage, a rufe, kuma kafin a ci a ɗumama shi har ya yi tururi. Wanda ya kwana kada a ba jariri. Wanda ya fara tsami ko yauƙi a zubar. Asarar ludayi biyu ta fi zawon mako guda sauƙi.

Mai ciwon sukari kuwa ya ci kaɗan, ya yawaita ganye da wake, ya bi abin da likita ya gaya masa.

In an samu nabe

Cikin irin da ake sayarwa a ƴan takardu, tare da na karas da na shu da na salati, wani lokaci ana samun wani da Faransawa ke kira nabe. Saiwa ce fara mai zagaye, sau da yawa kafaɗarta tana da ɗan shuni. Dangin shu ne, in ka shinshina za ka ji. Yana son sanyi. Ana shuka shi kai tsaye a fangali daga Nuwamba zuwa Janairu, kuma cikin wata 2 ya isa cira. Wasu sun shuka shi, ya yi kyau, amma aka rasa yadda za a ci, aka ba tumaki.

Shi ma kirɓa shi ake yi. A cire shi tun yana ƙarami, bai wuce dunƙulen hannu ba. In ya tsufa, ko zafi ya same shi, sai ya yi zare da ɗaci. A fere, a yanka, a dafa. In mai ɗaci ne, a tafasa shi minti 5, a zubar da ruwan farko, a sake sabo. Yana da ruwa ƙwarai, saboda haka a matse shi da bayan ludayi kafin a kirɓa. Awon da ya fi daɗi shi ne kashi 1 na nabe, kashi 2 na dankali. Zaƙin dankali ya kashe ɗacinsa, shi kuma ya rage zaƙin dankali. Maigidan da ke ƙin zaƙi, wannan ne nasa.

Ganyen nabe ya fi saiwarsa amfani ga ido. A yi miya da shi, ko a yi kwaɗo.

Amma nabe ba ya riƙe ciki. A ƙasar Jamus, lokacin yaƙin duniya na farko, a sanyin 1916 zuwa 1917, dankalin turawa ya yi ƙaranci, mutane suka koma cin wani ɗan'uwan nabe safe da dare. Tukunya tana cika, amma yunwa ta galabaita su. Shi ma abokin tuwo ne, iyakarsa ke nan.

Dankalin turawa ma ana kirɓa shi haka. Sai dai duk inda ɓawonsa ya yi kore, ko ya fara tsiro, a yanke a zubar, akwai dafi a wurin. Rogo kuwa, mai zaƙi kaɗai ake dafawa a ci, bayan an fere, ya kuma dahu sosai. Rogo mai ɗaci sai an jiƙa shi kwanaki an sarrafa. Kada a kuskura a sa shi cikin wannan girki.

Maigida, saura kai

Tukunya ba ta dafa abin da ba a kawo ba. Lissafin da muka yi a baya yana bukatar girki 48, kowane kilo 3. Kilo 144 ke nan. Fili mai tsawon mita 15 da faɗin mita 10 yana iya ba da wannan, in ƙasar tana da kyau kuma an kula da ita. Gefen garkar albasa ya isa.

Ba a shuka dankali da ƙwaya, yaɗonsa ake dasawa. Ka yanko kan yaɗo mai lafiya, tsawon santimita 30, wato kamar daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu. Ka yi kunyoyi, tsakaninsu kamar mita guda. Ka binne rabin yaɗon ko fiye, santimita 30 tsakanin wannan da wancan. Yana son ƙasa mai sassauci, jigawa mai ɗan laka. Ba ya son ruwa ya kwanta masa. Taki mai yawa ganye yake sa shi, ƴaƴa su yi kaɗan. Cikin wata 4 zuwa 5 ya isa haƙa, wasu iri ma ba sa kai haka. Sanyi mai tsanani yana rage masa sauri.

Kada ka dasa duka rana ɗaya. Ka raba filin uku, ka bar mako 3 ko 4 tsakani. Ta haka za ka riƙa haƙa kaɗan-kaɗan, ba zai taru ya ruɓe maka ba.

Babban abokin gabarsa wani ɗan ƙwaro ne mai dogon baki. Yana bi ta tsagar ƙasa ya yi ƙwai a jikin dankali, tsutsarsa ta yi hanyoyi a ciki, dankalin ya yi ɗaci da wari. Maganinsa ba sai ka saya ba. Duk inda ka ga kunya ta tsage, ka ja ƙasa ka rufe. Kada ka bar dankali ya daɗe a ƙasa bayan ya ƙosa. In ka haƙe, ka tsince ragowar duka. Kada ka maimaita shi a wuri ɗaya shekara biyu a jere. Wanda ya ruɓe ko ya yi baƙi, ko dabba kada a ba, yana iya kashe ta.

In kana fesa wa albasa magani, ka kiyaye gefen dankali da kabewa, don ganyen dankali ma ana miya da shi. Galan ɗin magani kada ya shiga gida, balle a zuba ruwan girki a ciki.

Wajen haƙa a yi sannu, kada a ji masa ciwo. Wanda hauya ta sara a fara cinye shi. Sauran a tara a inuwa, a lulluɓe da ganye kwana 4 zuwa 7, ɓawonsa ya yi ƙwari. Sannan a jera cikin rami mai inuwa, ana zuba busasshen rairayi tsakani. A riƙa dubawa kowane mako. In ya yi yawa, a yanka shi fale-fale a shanya, a daka gari don kunu. Mai ciki ruwan goro a inuwa ake shanya shi, inda iska ke bi, don rana tana cinye amfaninsa.

Kabewa ta fi haƙuri. A yanke ta da ɗan guntun hannunta, kada a fasa, a ajiye a inuwa bisa kara ko rairayi. Tana yin watanni. Ramuka biyar a bayan gida da damana, ko a gefen rijiya da rani, sun isa gida.

Abu na ƙarshe, iri. Kowace shekara mutane suna yawon neman yaɗon dankali, su rasa. Ka bar ƴar kunya guda kusa da rijiya, kana ba ta ruwa har damana ta sauka. Ka kewaye ta da ƙaya saboda awaki. In ka samu mai ciki ruwan goro, ka ba maƙwabcinka. Ran da naka ya mutu, a wurinsa za ka samo.

In dillali ya zo da buhunansa, ka fara fitar da rabon gida, sannan ka yi ciniki. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

To jama'a, a gwada wannan girki cikin makon nan. Wadda ta gwada ta gaya wa ƴan ajinsu yadda ya kasance, abin da ta ƙara da abin da ta rage. Ku rubuto mana da hannunku, za mu karanta a shirin manoma. Allah ya sa albarka a garka, ya raya mana zuriya, ya kai mu damana lafiya. Amin.